Ranar da Khaulat Ta Hau Tebur

"Wallahi sai na rama wa Mama!" Khaulat ta buga murfin tukunya a kicin ɗinsu na unguwar Gorton. "Ƙato ya kawo hancinsa fuskar uwata, a gaban mutane!"

"Gaisuwarsu ce ta girmamawa, Yaya," in ji ƙaninta Ishaq. "He didn't know."

"To, zai sani!"

Makon jiya ne suka je Birmingham gaida iyayen Chloe, nas ɗin da ta musulunta, wadda Ishaq ke mutuwar so. Uwarta Baturiyar New Zealand ce, ubanta Hemi kuwa ɗan ƙabilar Maori. Da ya tashi gaida mahaifiyar su Khaulat, Hajiya Rabi'a, sai ya matso zai haɗa hancinsa da nata kamar yadda suke yi. Hajiya ta ja da baya tana salati, tun ranar ta ce a jingine maganar aure. Ishaq har ya rame.

Ita kuwa Khaulat ba ta iya ƙaramin fushi ba. Ta yi ta bincike a waya har ta gano cewa wajen Maori, zama a kan teburin abinci babban cin mutunci ne.

Ranar Asabar Chloe da iyayenta suka zo. Hemi ya cire takalmi, ya tsaya nesa, ya durƙusa da kyar.

"Ina wuni, Hajiya. A gafarce ni."

Sati guda yana haddar kalmomin nan. Khaulat ta ji shi sarai, amma zuciya ta riga ta ci ta. Ana jera kwanuka sai ta ɗare kan teburin, gefen tuwo, tana kaɗa ƙafa.

"Please—help yourselves!" in ji ta, tana yi musu bismillah.

Hemi ya ajiye cokali. Matarsa ta miƙe ta ɗauki jaka. Chloe ta fashe da kuka.

"Dad, please..."

Dattijon ya daɗe yana kallon 'yarsa. Sannan ya ce da Turanci, a hankali, abincin nan ba zai iya ci ba, amma saboda ita ba zai fita ba.

Ishaq ya raɗa wa Hajiya ma'anar abin. Nan take fuskarta ta canza.

"Sauko, Khaulat! Shi bai sani ba ya yi, ya kuma zo ya durƙusa. Ke kin sani kika yi! Wa ya aike ki?"

Da kanta ta shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa, ta zaunar da baƙinta.

"Koma ki tuƙa sabon tuwo, da hannunki," ta ce wa Khaulat.

Khaulat na tuƙi tana sharar hawaye ta jiyo muryar uwarta daga falo: "Ishaq, kira Kawunka. A sa rana."

Wanda ya yi kuskure cikin rashin sani, haƙuri ya wanke shi. Wadda ta nemo inda zai yi ciwo da gangan, ita ta durƙusa ta zuba wa surukin ƙaninta miya.