Mai Firji da Matar Ƙarshen Wata

Firjin shagon Baba ne ya haɗa su. Ya daina sanyi, lemo ya koma kamar ruwan wanka, aka kira mai gyara. Ya zo a ƙasa, jakar kayan aiki a kafaɗa, takalminsa ya sha ɗinki har ya gaji. Auta ce ke tsaron shago. Ya durƙusa bayan firji ya ce ta haska masa da tocila. Aikin da bai kai a sha shayi ba, sai da rana ta karkata suna abu ɗaya, yana kwance noti yana ɗaurewa, ita kuma tana haska fuskarsa maimakon injin.

Daga ranar firjin nan bai ƙara lafiya ba. In ji Auta.

Yana ce mata Gimbiya, tana ce masa Injiniya. Da safe sai saƙo ya shigo: “Gimbiya, kin tashi lafiya? Yaya mara lafiyarmu?” Ta mayar masa: “Jikin ya tashi, Injiniya. Sai ka zo.”

Umma ce ta fara shinshino wani abu. Yaro aiki ya yi masa yawa, manyan gidaje ke kiransa, amma ko kwalbar turare bai taɓa kawowa ba. Riga biyu, ruwan sha a gora daga gida. Ta ce kuɗi ba ya ɓacewa a iska, akwai ramin da yake zubawa, ramin nan kuwa ɗankwali yake ɗaurawa.

Ga kuma Mai Jar Mota, mai shagon wayoyi, wanda ba ya zuwa hannu rabbana. Shi Umma ke shimfiɗa wa darduma. Baba dai, mutumin da ya tsufa yana ba da kaya bashi, magana ɗaya ya yi: ba zai ba da ’yarsa ga wanda bai san inda kuɗinsa ke kwana ba.

Wata rana hannun Mai Firji duk baƙin mai, wayarsa ta yi ƙara, ya ce Auta ta duba masa. Sunan da ta gani, Anti. Saƙon kuma: “Kuɗi sun shigo, na gode. Ina jiranka ƙarshen wata kamar kullum.”

Ta tambaye shi wace ce Anti. Ya ce wata ’yar hidima ce kawai tsakaninsu, ya tura kai bayan firji kamar an kira shi a can.

Da ta koma gida ta rubuta masa: “In kana da mata ka faɗa mini. Zan iya jin gaskiya, rainin hankali ne ba zan iya ba.” Ya amsa: “Wallahi ke kaɗai ce, Gimbiya. Ki ba ni lokaci kaɗan.” Umma ta ce duk haka suke cewa, har da wallahin.

Ƙarshen wata ya yi, uwa da ’ya suka ɗauki tasi suka bi bayansa. Umma da ke ciniki a kan ashana, ranar ko tayi ba ta yi ba. Ya shiga bayan kasuwa, ya faɗa wani shago mai ƙarni, su ma suka faɗa.

Anti dai dattijuwa ce, da takalmin roba har gwiwa, tana datsa daskararren kifi da adda. Umma ta ƙare mata kallo, ta ce a ranta ko haka ma maza ba su da ta ido. Ta tambaye ta kai tsaye, me ke tsakaninta da yaron nan?

Anti ta ajiye adda ta ba su labari. Yana sabon fitowa daga hannun maigidansa ya haɗa mata babban firji ba daidai ba, injin ya ƙone ranar hutu, kifin jarinta kaf ya ruɓe. Ba takarda, ba shaida, har ta bar wa Allah. Sai ga shi da ƙafarsa, ya ce laifinsa ne, zai biya. Duk wata nata yake fara cirewa, sannan haya, sannan ɗan abin da yake jefawa a asusu, ya rayu da ragowar. Ƙarshen wata kuma yakan zo ya duba mata injuna kyauta. Bai taɓa tsallake wata ba, yanzu saura kaɗan.

Sai ga shi ya fito daga ɗakin sanyi da sifana a hannu, ya gan su, ya daskare ya fi kifin.

“Me ya hana ka faɗa mini?” in ji Auta.

“Mai gyaran da aka san ya ƙona firji, wa zai ƙara kiransa? Balle a ba shi ’ya.”

“To asusun fa, na wace Antin ne?”

Ya sunkuyar da kai. “Naki ne, Gimbiya. Ban so ki shigo gidana ki tarar da bashi ya riga ki zama ba.”

Auta ta juya tana share ido, wai ƙarni ne ya dame ta.

Baba bai yarda da labarin mata ba, sai da ya je ya ji daga bakin Anti. Ya dawo ya kira Mai Jar Mota ya yi masa tambaya ɗaya, motar nan an gama biya? Mutumin ya ce an ci masa fuska, ya ja motar mutane ya tafi.

Sannan Baba ya kira Mai Firji ya ce, “Na shekara da shekaru ina bin masu gudu da kuɗina. Ban taɓa ganin wanda ya bi mai kuɗi da gudu ba sai kai. Ka gama biya, ka turo manyanka.”

Auta ta karɓi ragamar aljihunsa. Ta soke zancen kama ɗakin taro, ta ce tsakar gidansu ya isa. Watan da ya sauke nauyin Anti, a watan aka ɗaura aure, ba a ranci ko kujera ba.

Umma ta sa musu albarka har da hawaye, ta ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuri’a ta gari, ya raba su da bashi. Sannan ta ja amarya gefe ta raɗa mata cewa duk da haka, ta riƙa duba wayarsa.

Allah ya bar su tare.