Wa Ya Ɗauki Bindigar Doña Xinia?

Ranar Lahadi da hantsi, rana ta biyu ta gasar harbi a kulob ɗinmu da ke bayan garin Alajuela, aka buga wa Sufeto Gerardo Umaña waya cewa an sace bindigar Doña Xinia Barquero.

Sufeto bai san ta ba, amma mu nan duk wanda ya taɓa rataya kuben bindiga ya san ta. Tsohuwar malamar makaranta ce, 'yar firit, kai fari fat. Idonta na dama ya fara dushewa, ta kuma riga ta ce wannan ce gasarta ta ƙarshe. Ita ke gaba da maki, saura zagaye ɗaya da yamma. Ƙa'idarmu kuwa ba ta da sassauci: bindigar da ka fara da ita, da ita za ka ƙare. In ba a samo ta ba, Doña ta fita ke nan.

Don Efraín, alƙalin gasar, shi ya tarbi Sufeto ya kai shi siton da bindigar ta kwana. Ba a fasa ƙofa ba. Harsashin Doña na nan jere a kan kanta. Jakar bindigar kuwa a waje aka tsince ta, a kan wani tebur mai fuskantar bango.

"Me ya kawo jakar nan?" in ji Sufeto.

"Ai nan kaɗai aka yarda a fito da bindiga daga jaka, ranka ya daɗe. Kuma ba a kawo harsashi kusa da teburin."

"Har ɓarawo ma ya san wannan doka?"

Sufeto ya juya ya dubi ƙofar siton.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni da Olman Chinchilla, mai shirya mana fili."

"Ina kake da asuba?"

"Coci."

"A kan me aka yi wa'azi?"

"A kan... haƙuri."

"Matarka ce ta nuna min hanya a ƙofa. Ta ce ita kaɗai ta je coci."

Dattijon ya dafe ƙirji. "Don Allah ka rufa min asiri, Sufeto. Soyayyen naman alade na je ci a kasuwa, likita ya hana ni. Gara ka ɗaure ni da ta ji."

Aka buga wa mai naman waya, ya gaskata shi.

Suka gangara fili na ƙarshe, can bayan itatuwan gahawa. An kafa sababbin kwalaye masu siffar mutum tun jiya, na zagayen yamma. Sufeto ya shafa ɗaya, ya ji salatif. Ya ɓare, sai ga ramin harsashi. Ya ɓare wani, haka. Ramuka ne warwatse a gefe-gefe, har da kunnen kwalin.

"Wani ya yi harbi a nan yau, ya kuma liƙe ramukan da kyau. Ɓoye sawu yake yi?"

"Da ɓoyewa ce sai ya sauya kwalin, ga su can jibge," in ji Don Efraín. "Mu kowa ya harba sai an liƙe wa na baya. Hannu ne ke yi, ba sai an yi tunani ba."

Doña Xinia na zaune a inuwa tana shan gahawa, kamar ba ita aka yi wa sata ba.

"Doña, me ke cikin bindigar nan da har za a sace ta?"

"Ba komai, ɗana. Ranar da zan saya, mai shago ya jera min su. Sai in rufe ido in ɗaga, sannan in buɗe. Wadda na buɗe ido na ga saitinta tsaye inda nake kallo, ita na ɗauka. Da ta ƙi shiga akwatin awon gasa, marigayi mijina ya goge mata wutsiya da magagari, wato ƙarfen nan da ke kare hannu a saman mariƙi."

"Hakan bai ɓata ta ba?"

"A hannuna dai a'a, duba ƙanƙantarsa. Amma ƙaton hannu ya riƙe ta, murfin sama na ja da baya zai tsaga masa nan." Ta nuna tsakanin babban yatsa da manuni.

Olman Chinchilla ƙato ne, kuma gwani, shi ke bin Doña a maki. Duk shekara da sabuwar bindiga yake zuwa, mu kuwa mu yi ta yi masa tsiya. Sufeto ya same shi yana gyara ɗaya daga gangunan da maharba ke fakewa da su, da safar hannu a dama.

"Safa ɗaya, maigida? Ina 'yar'uwarta?"

"Guduma ce ta buge ni jiya."

"Jiya wa ya gan ka da ciwo? Cire mu gani."

Ya cire a hankali. Tsaga biyu ne a jere tsakanin babban yatsa da manuni, sababbi, jini bai gama bushewa ba.

"Gudumar nan ta iya layi," in ji Sufeto.

Ƙaton nan ya zauna a ƙasa daɓas. Ya zura hannu cikin gangar ya jawo bindigar, bakinta na kallon tudun da ke tare harsashi, ya buɗe ta ya nuna ba harsashi, sannan ya miƙa.

"Na rantse ba don ta fita gasa na ɗauka ba. So nake in san abin da ke ciki. Shekara da shekaru ina sauya bindiga, tsohuwar nan na lallasa ni. Na harba, kafin in mayar mutane sun cika, kunya ta hana ni."

"Me ka gani a ciki?"

"Ba komai, Sufeto! Kunamarta ma tauri gare ta. Ba komai a ciki!"

Aka sa masa ankwa. Bisa ƙa'ida bindigar ta zama shaida, ofis za ta. Sufeto ya dubi ledar shaida, ya dubi tsohuwa, ya tura ledar aljihu.

"Ni ma ina son in gani," ya ce.

Ya miƙa wa Doña bindigarta. Da yamma ta tsaya a layi, 'yar falmaranta ta rufe kube. Agogon alƙali ya yi ƙara.

Kai, jama'a! Ba wanda ya ga fitar bindigar. Ta leƙa ta gefen ganga ta saki biyu, ta taka ta saki biyu, ta sauya gidan harsashi tana tafiya ba ta ko dubi hannunta ba. Ba ta gudu, ba ta kuma tsaya. Mun sha ganinta, amma ran nan tsigar jikinmu ta tashi.

Da aka je duba kwalaye, Sufeto ya ɗora babban yatsansa a kan ramuka biyu, ya rufe su ruf. Ya cire hularsa bai sani ba. Olman na tsaye da ankwa, hawaye na bin gemunsa.

Doña ta buɗe bindigar ta nuna wa alƙali ba harsashi. Ta zo gaban Sufeto, da kanta ta zaro ledar daga aljihunsa ta saka ta a ciki.

"Riƙe, ɗana. Na gama da ita."

Wani kurtu ya ja Olman zuwa mota, yana tafiya yana waiwayen kwalayen.