Ruwan Zafi a Gindin Kurna

Rana ta gangara bayan kogin Farin Nilu, Kulu na zaune a ƙarƙashin rumfa tana tsince shinkafa, sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Ya gangaro a hankali, ya tsaya daf da ƙafarta.

Har ta buɗe baki za ta zagi yaran unguwa, sai ta tuna babu yaran. Layinsu na unguwar Kalakla, inda a da ba ka iya sallar magariba cikin natsuwa don ihun 'yan ƙwallo, yanzu ƙofofi ne a garƙame, wasu gidajen ma ba ƙofar, ciyawa ta cinye tsakar gida. Yaƙi ya watsa kowa, da ya lafa kuwa waɗanda suka dawo ba su taka kara sun karya ba. Kulu ta dawo ba mijinta Uthman, a hanyar gudun hijira aka binne shi. Babban ɗanta Hazim yana Masar, ya ce shi da Sudan har abada. Abin da ya rage mata a duniya autarta ce, Hanadi, mai kiranta Yumma, wato Inna da Larabcinsu.

Ta ɗauki dutsen. Da zafi, kamar yanzu aka ciro shi daga murhu. Ta waiga hagu da dama, ta jefa shi cikin tsohuwar randa, ta rufe da faifai. Ba ta gaya wa kowa ba, kuma tana da dalilinta.

Hanadi ba don uwarta kaɗai ta zauna ba. Kulu ta san haka, ba ta kuma jin haushi. Akwatin ne ya riƙe yarinyar. Wata ƙatuwar kwantena ce fara da wani kamfani ya kawo a kan tirela, ya sauke a filin bayan gidansu, ya kewaye da waya, ya jera faifan sola a gefe. A cikinta injunan kwamfuta ne reras a kan kantoci, suna ajiye bayanan jama'a: saƙonninsu, hotunansu, hada-hadarsu ta waya. Hanadi ta yi karatun abin, aka ɗauke ta aikin lura da shi.

"Yumma, manyan gine-ginen da ake ajiye irin injunan nan a tsakiyar gari sun ƙone," in ji ta ranar da aka kawo shi, rabi da Larabci, rabi da Hausarta mai ɗingishi. "Wa zai jira a sake gini? Wannan a shirye yake zuwa. A sauke, a jona, kalas, shi ke nan. In aiki ya ƙaru a kawo na biyu. Kowa yanzu irinsa yake nema, bankuna, asibitoci, masu layin waya."

"In kuma wurin bai yi musu ba fa?"

"Sai a ɗaga a kai wani wuri. Ai amfaninsa ke nan."

Wannan maganar ce ta tsaya wa Kulu a ƙahon zuci. Abin da aka sauke a wuni ɗaya, a wuni ɗaya ake ɗauke shi. In aka ɗauke, Hanadi ko ta bi shi, ko ta bi yayanta Masar, wanda kullum yana kan waya yana hure mata kunne. Ita kuwa Kulu ta riga ta rantse ba ta sake barin gidan nan sai a makara. To ina za ta bari kamfani ya ji cewa ana jifa a gidanta?

A kusurwar filin akwai wata tsohuwar kurna. Kakar Kulu ce ta dasa ta, matar da ta taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin hajji, hanya ta ƙare mata a nan. Tun zamaninta akwai ƙa'ida a gidan: ba a zubar da ruwan zafi a gindin kurnar, ko a wani wuri ma za a zubar sai an ce, "Bismillahi, masu wuri a kauce." Kulu da wannan ta tashi, kamar yadda ta tashi da alwala. Amma ranar da ma'aikata suka ja bututun da ke fitar da ruwan injin sanyaya akwatin, tana kasuwa. Wa'il, injiniyan kamfanin, ya duba inda ya fi gangare, ya ce a kai bakin bututun can. Yaro ne mai ladabi, har cewa ya yi itaciyar za ta ji daɗin ruwa. Shi kuwa injin, in ya ɗauki zafi sai ya tofar da ruwa mai tururi, safe da yamma, ba sallama ba bismillah.

Da Kulu ta dawo, sai ga bakin bututun a gindin kurna. Ta yi shiru, kada a ce mai gidan nan fitinanniya ce.

Jifa bai tsaya ba. Kullum da faɗuwar rana sai duwatsu sun sauko, ita kuma ta bi ta tsince kafin Hanadi ta shigo, har randa ta kusa cika. Daga baya sai murya. Fankokin akwatin ba sa hutawa, gunjinsu ya zama kamar numfashin gidan, amma a ƙarƙashin gunjin Kulu ta fara jin nishi, irin na tsohuwa mai ciwon baya. Wani lokaci har da "wash" a fili. Hanadi ba ta ji, kunnuwanta a toshe suke da abin sauraro, idonta a kan waya. Sukan ci abinci a kwano ɗaya, amma wallahi Kulu ji take kamar ita kaɗai take ci.

Ranar wata Juma'a Hanadi ta fita duba injin da yamma, har aka kira salla daga masallacin nesa ba ta dawo ba. Kulu ta zagaya. Ta same ta zaune a gindin kurna cikin laka, takalma a cire, ƙafafu a miƙe, hannu ɗaya dafe da ƙugu, zaman tsofaffi sak.

"Hanadi, tashi ki shigo, magariba ta yi."

Yarinyar ta ɗago kai a hankali.

"Kulu 'yar Shamsiyya," in ji ta. "Kin tsufa, amma ba ki yi hankali ba."

Kulu ta ja da baya. Ba muryar 'yarta ba ce. Kuma tsantsar Hausa ce, mai nauyi, ba ko ɗigon Larabci, irin wadda rabonta da ji tun rasuwar kakarta. Tsoro ya kama ta har cikin ƙashi. Amma a bayan tsoron akwai wani abin da ta ji kunyarsa: daɗi ta ji. An daɗe ba a kira sunan uwarta a gidan nan ba.

Da ƙyar ta ja yarinyar ɗaki. Kwanaki suka bi, Hanadi ba ci ba sha sai kallon bango, ga wasu ƙuraje kamar na ƙuna sun feso mata a gadon baya. Da rana shiru, da yamma ta rarrafa gindin kurna. Wa'il ya yi waya, Kulu ta ce zazzaɓi ne. Ya yi mata sannu, sannan ya ce cikin ladabinsa, akwati ba ya zama ba mai duba shi, in abin ya ja lokaci akwai wani fili a Omdurman da suke dubawa.

Washegari Kulu ta kulle 'yarta a ɗaki, ta hau mota ta tsallaka gada zuwa Omdurman. A bayan Kasuwar Libiya akwai wani tsohon tela, Malam Gwadabe, mahaddacin Alƙur'ani, wanda kakanninsa su ma hanyar hajji ce ta ajiye su. Ya saurare ta har ta gama bai ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. Sannan ya cire tabarau.

"Hajiya, me kuka zuba a inda ba a zubawa?"

Ta gaya masa. Ya girgiza kai, ya ɗauki carbinsa da buta.

Sun iso rana na shirin faɗuwa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Hanadi, malam ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta rawa. Dutse ya faɗo a kan kwano, wani ya bi, bai ko ɗaga kai ba. Can yarinyar ta miƙe ƙafafu, ta dafe ƙugu, ta yi nishi.

"Ya isa, malam. Ni ma Musulma ce. Kada ka ƙara min ƙuna a kan ƙuna."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Haka kakar wannan take kira na. Tare muka taso daga yamma, tana tafe ina bin inuwarta. Da ta dasa kurna ta ce in zauna, ba za a zuba min ruwan zafi ba."

"An yi miki laifi, ba musu. Amma yarinyar nan ba ita ta ja bututu ba. Me ya sa kika kama ta?"

"Na yi jifa, an ɓoye duwatsuna a randa. Na yi nishi, an yi kamar ba a ji ba. Da wane baki zan yi magana?"

Kulu ta sunkuyar da kai.

"Gobe za a kawar da bututun," in ji malam. "Ki sake ta."

"Ba ruwan kaɗai ba ne." Muryar ta yi ƙasa. "Akwatin nan cike yake da mutane, malam. Ku ba kwa ji, ni ina ji. Dubbai, suna shiga suna fita, uwa na neman ɗanta, miji na tambayar ko an isa lafiya. Dare da rana suna wucewa ta kaina, ba mai yi min sallama. Nawa mutanen sun tafi tun da aka fara ruwan wuta, su ma sun yi gudun hijira. Ni kaɗai na tsaya. Shiru na iya jure shi. Wannan ne ba zan iya ba."

Fankoki suna ta gunji a bayan katanga.

"To me kike so?"

"A ɗauke akwatin, in saki yarinya, in koma gindin kurnata. Ko kuwa a bar shi, ni in bar gidan. In na fita kuwa ba na dawowa."

Malam Gwadabe ya juya ya dubi Kulu. "Hajiya, gidanki ne."

Idanun Hanadi suka juyo kanta, da wani kallo da ba na Hanadi ba.

"Kulu, lokacin da kuka gudu, wa kike zaton ya tsare gidan nan? Duk layin nan an fasa, an kwashe har tagogi. Naku gidan kuwa, ɓarayin sun zo bakin ƙofa sun juya. Na zauna ni kaɗai ina jiran ki dawo."

Kulu ta tuna ranar da ta dawo ta tarar da kwanukanta a jere yadda ta bar su. Hawaye ya zubo mata. Ta dubi bakin da ke maganar, bakin 'yarta, wanda in akwati ya tafi shi ma zai tafi, ya bar ta da murya a waya.

"Ki yafe min, maƙwabciya," in ji ta da ƙyar. "Ita kaɗai gare ni."

Malam ya fara jan carbi.

"Na sani," in ji muryar. Ba fushi a cikinta, sai gajiya. "Da ni ce ma haka zan zaɓa. Abu ɗaya nake roƙo. Ban shigo gidan nan a matsayin ɓarauniya ba, ba zan fita kamar korarriya ba. Ki yi min rakiya."

Kulu ta miƙe, ta kama hannun 'yarta. Suka taka a hankali, tafiyar tsofaffi biyu, suka ratsa tsakar gida, suka wuce randa, suka wuce rumfa. A bakin ƙofa suka tsaya. Layin ba kowa, sai jan sararin sama a can wajen kogi.

"Ina za ki?"

"Yamma. In ga ko akwai wanda ya rage." Ta ɗan matse hannun Kulu. "Sai wata rana, 'yar Shamsiyya."

"Allah ya kiyaye hanya. Ki gai da gida."

Hanadi ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta zube a ƙirjin uwarta. Da ta buɗe ido ta dubi ƙofa, ta dubi baƙon tsohon da ke tsaye da buta.

"Yumma? Me muke yi a waje?" Da Larabci ta yi tambayar.

Ƙurajen suka bushe cikin 'yan kwanaki. Hanadi ta koma aiki, ba ta tuna komai, Kulu kuma ba ta gaya mata ba. An kawar da bututun zuwa kwata. Kafin damina tirela ta sake shigowa layin da akwati na biyu, aka ajiye shi kusa da na farko, Wa'il ya ce kasuwa ta buɗe, wataƙila a kawo na uku. Hanadi ta daina zancen Masar. Aiki ya yi mata yawa, ba ta shigowa sai bayan isha'i, ta ci abinci da abin sauraro a kunne. Kulu ta samu abin da ta roƙa, tana kuma gode wa Allah.

Sai dai kullum in rana ta gangara, takan tace shinkafa, ta ɗauki tukunyar ruwan zafi ta kai bakin kwata. Takan tsaya, ta ce, "Bismillahi, masu wuri a kauce." Sannan ta ɗan jira, ta kasa kunne.

Fankoki ne kawai.

Wata yamma ta ɗaga faifan randa, ta ɗauko dutse ɗaya, ta riƙe shi a tafin hannu har aka kira salla. Ya yi sanyi ƙalau.