Yatsa Biyu a Zagayen Taya

Da hantsi aka kira Sufeto: mota ta kaɗe wata mai sharar titi ta gudu. Matar ta cika kafin a kai ta asibiti.

A jiƙaƙƙen yashin gefen titi sawun taya ya fito raɗau, siriri, tabon faci yana maimaituwa a cikinsa. Kafin rana ta take, Sajan ya kamo wani tsohon direban tasi mai irin wannan taya.

"Wallahi yallaɓai, ban bi ta nan ba," in ji tsohon. "Jikokina huɗu, ni kaɗai gare su."

"Lambar girman taya ɗaya ce," in ji Sajan. "Gobe sai kotu."

Sufeto mutum ne mai nacin tsiya, har abokan aiki na kiransa tela saboda tef ɗin awonsa. Ya auna daga tabo zuwa tabo, wato zagayen tayar da ta bar sawun, sannan ya auna zagayen tayar tsohon. Sawun ya gaza da yatsa biyu. Ga kuma sabon karcen ƙarfe a simintin bakin titi.

Shi da Sajan suka nufi rumfar mai facin unguwar.

"Taya mai lamba ɗaya, me zai rage mata zagaye?"

Mai faci ya ajiye kayan aikinsa. "Ƙila iska ce ta yi ƙasa."

"Da sawun ya yi faɗi. Sake tunani."

"Sai... sai in an ɗame ta a kan wili mai faɗi. Gefenta ya kwanta, tsayinta ya ragu, bakin ƙarfen ya leƙo waje."

"Wa ka yi wa haka?"

"Ni ban taɓa yi ba."

Sufeto ya zagaya baya.

A bayan rumfar akwai mota lulluɓe da tampol. Sufeto ya yaye. Wili mai faɗi, siririyar taya a ɗame, bakin ƙarfen a karce, ga facin nan.

Mai faci ya durƙushe. "Ta ƙanena ce. Gayu yake so. Sai da na hana shi."

Ƙanen ya fito daga bayan tarin tayoyi, idonsa jajur. "Yaya, bari kawai. Ni ne. Na taka birki motar ta zame. Tsoro ya sa na gudu."

Sajan ya sa masa ankwa ya tasa ƙeyarsa.

A caji ofis, Sufeto na buɗe sel tsohon ya zabura, ya miƙo hannuwa biyu a haɗe, a zatonsa kotu za a kai shi.

"Sauke hannunka, Baba. Tafi gida, yara na jiranka."