Ƙato Bayan Ƙato

"Ummu, ki dube ni mana, magana nake miki!"

Ban dube shi ba. Ina zaune bakin ƙofar ɗakinmu ina ɓarar gyaɗa, hannuna yana ta aikinsa shi kaɗai.

"Ina jin ka, Malam."

Mijina Awaisu ya tsuguna a gabana, ya janye kwandon gefe.

"Inno ta kira ni bayan azahar. Ta ce in na kuskura gobe na bar layin Yaya Ɗanasabe na tsaya a bayanki... ba ta yafe mini nonon da na sha ba."

"To."

"To? Shi ke nan abin da za ki ce?"

Me zan ce? Gobe ne zaɓen fidda gwani na kansila a mazaɓarmu ta Rafin Kanya, nan gefen hanyar Funtua zuwa Malumfashi. Jam'iyya ta ce ƙato bayan ƙato za a yi. Babu akwati, babu dangwale a ɓoye. Kowa zai fito fili da rana tsaka ya tsaya a bayan wanda yake so, a bi a ƙirga kawuna. Masu neman tutar jam'iyya mu biyu ne: ni Ummukulsum, da wan mijina, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ni na fara yankar fom. Bayan sati biyu manyan jam'iyya suka lallabo Yaya Ɗanasabe, mutumin da ko taron unguwa bai cika zuwa ba, wai ko zan ji kunyar gida in janye. Ban janye ba.

Ba taurin kai ba ne, ko da yake ina da shi. Bara war haka ƙanwata Yasmin ta rasu a bayan motar masara. Naƙuda ta zo mata, ɗakin shan maganin garinmu babu ungozoma, sai kwaɗo a ƙofa. Kafin a kai Funtua ta cika, kanta a kan cinyata. Tun ranar nan wani abu ya mutu a jikina. Ina ci, ina sha, ina dariya in an yi abin dariya, amma ba na jin komai. An zage ni a waya, an ce na fi ƙarfin mijina, an ce ’yar bariki ce ni da hijabi. Ina karantawa kamar da wata ake.

Abu ɗaya na iya, shiga gida-gida. Mata ɗari da wani abu muka haɗa ƙungiya. Muna son ungozoma, muna son a sa sunan mace a takardar rabon taki ba sai ta bi ta hannun miji ba. Kullum ina ce musu, mu ne muke cika layi ranar zaɓe, a sallame mu da sabulu da turmin atamfa, amma ba a taɓa ganin mace a gaban layin ba.

"Ummuna," Awaisu ya kama hannuna, muryarsa ta yi ƙasa. "Don Allah ki ce wani abu. Ki ce in zo, ko ki ce kar in zo. Kaina zai fashe!"

"Ba komai. Ka bi maganar Inno."

"Har zuciyarki?"

"Ba komai na ce."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya saki hannuna, ya ɗauki babur ɗinsa ya fita gona, shi da ya dawo ko awa ɗaya ba a yi ba.

Kai, ni ma dai! Ni ce fa mai bin matan mutane ina cewa su daina ba komai ɗin nan, su buɗe baki su faɗi abin da suke so. Ga shi abu ɗaya tak nake so a duniya, in san mijina yana bayana, amma bakina ya ƙi furtawa. Tsoro nake in roƙa ya ƙi. Gara in sallame shi da kaina.

Washegari da na tashi har ya fita. Na sa hijabina mai ruwan toka, Raudatu sakatariyar ƙungiyarmu ta biyo mini, muka nufi filin firamare.

Filin ya cika. Ga Inno can ƙarƙashin dalbejiya, an kawo mata kujera, jikoki sun kewaye ta. Na je na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da ka, idonta yana wani wurin.

Na duba ko'ina da gefen ido. Babu Awaisu.

Jami'in da jam'iyya ta turo ya ɗauki lasifika.

"Jama'a a saurara! Kowane ɗan takara layi biyu ne a bayansa, maza dama, mata hagu. ’Yan takara ku fuskanci gabas. Ba a yarda ɗan takara ya waiwaya ba har a gama ƙirga, kar a tsorata mutane da ido. Wanda ya waiwaya ya ɓata takararsa!"

Aka tsayar da ni a kan wani layi da aka ja da toka. Yaya Ɗanasabe yana can nesa da ni kamar taku ashirin, babbar rigarsa tana ta ƙamshin sabon ɗinki. A gabana babu komai sai bangon aji da aka zana taswira a jiki, rabinta ta goge.

Ina jin mata suna taruwa ta hagun bayana. Ƙarar silifa, kukan jarirai, muryar Raudatu tana cewa a matsa a gyara layi. Ta dama kuwa shiru. Na riga na san haka za a yi. Wane namiji ne zai tsaya bayan mace a gaban gari?

Can sai ihu ya tashi daga wajen samarin Yaya Ɗanasabe.

"Mijin-ta-ce! Mijin-ta-ce!"

Dariya ta ɓarke, har da fito. Na ce a raina, to, ya iso ke nan. Ya shiga layin wansa, su kuma suna masa tsiyar matar da ya kasa tanƙwarawa. Na jira in ji zafi. Ban ji ba. Na ci gaba da kallon taswirar nan, ina ƙoƙarin gane ko ta wace ƙasa ce.

Rana ta take. Aka ƙirga, aka yi gardama, aka sake ƙirgawa. Mun fi awa ɗaya da rabi a tsaye. Gumi yana bin bayana har cikin zane.

"Alhaji Ɗanasabe, ɗari biyu da arba'in da ɗaya! Malama Ummukulsum, ɗari biyu da uku!"

Ganga ta tashi. Yanzu an halatta mini in juya, amma in juya in ga me? In ga mijina cikin masu ɗaga wansa sama? Na miƙe gaba kawai. Na bi ta gefen ajin, na fita ta inda katanga ta rushe, na tare mai acaɓa ya kai ni bakin titi. Na kashe wayata na shiga motar Funtua.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ta riƙe mu ni da Yasmin, tana zaune a bayan tashar jirgi. Ta kalle ni sau ɗaya, ta dama mini fura, ba ta tambaye ni komai ba. Na sha. Na kwanta na yi barci kamar wadda ta yi wunin sussuka.

Washegari da hantsi Raudatu ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu.

"Ummukulsum, ke wace irin mutum ce? Wallahi ban taɓa sanin zuciyarki dutse ba ce sai jiya!"

"An kayar da mu, Raudatu. Ya wuce."

"Wa ke miki maganar kayarwa? Mata ɗari biyu sun fito a garin da ake cewa ko goma ba za mu samu ba! Maganar mijinki nake!"

"Ya yi abin da uwarsa ta ce. Ni na ba shi izini."

Ta tsaya da baki buɗe. Ta dubi Gwaggo, ta dube ni.

"Innalillahi... Ba ki sani ba? Ke da gaske ba ki juya ba?"

Ta ciro wayarta ta tura mini a fuska.

Bidiyo ne, wani ya ɗauka daga kan katanga. Ga ni can a gaba, na ba duniya baya. Ga layin mata ya yi tsawo har ya lanƙwasa. Sai ga Awaisu ya shigo da farin yadinsa na Juma'a. Ya nufi dalbejiya, ya durƙusa gaban Inno, ya daɗe kansa a ƙasa. Ya tashi. Ya wuce layin wansa, ya ratsa tsakiyar fili, ya zo bayana ta dama inda babu kowa, ya tsaya.

Shi kaɗai. Tsakanina da shi bai fi taku huɗu ba.

Ga ihun nan da na ji, mijin-ta-ce. Wani ya jefe shi da totuwar masara, ta same shi a kafaɗa. Ko gezau. Ya harɗe hannuwansa a baya, idonsa a kan hijabina.

Raudatu ta ja bidiyon zuwa ƙarshe. Aka faɗi sakamako. Na ga kaina na miƙe gaba ina tafiya. Na ga ya ɗaga hannu, bakinsa yana motsi. Na ga ya sauke hannun a hankali.

"Mata ɗari biyu da biyu ne," in ji Raudatu. "Shi ne cikon na ukun."

Na zauna daɓas a kan siminti.

Gwaggo ta ɗauko hijabina daga kan igiya ta jefo mini.

"Tashi. Ba a gidana za ki yi wannan zaman ba."

Azahar ta wuce lokacin da na shiga gidan su Awaisu. Tsakar gida shanye da masara, matan gidan suka bi ni da ido, babu wadda ta ce mini sannu. Yana zaune a kan buhu a ƙofar ɗakin Inno, da farin yadin jiya a jikinsa. Labule a sake. Ashe tun safe yake nan yana gaishe ta, ba ta amsa ba.

Na durƙusa. "Inno, ina wuni."

Labulen ya ɗaga. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Au, kin ga dama? Ni da shi wannan tsakaninmu ne, uwa da ɗanta, in huce ko kar in huce. Amma ke! Yaron nan ya take maganata, ya zubar da girman wansa a gaban gari, ya tsaya a rana ana jifansa saboda ke. Ina zaune ina kallo. Na ce to, bari in ga abin da ya saya da albarkata. Ko kallo ɗaya bai samu ba! Ni da na haife shi ban taɓa barinsa a rana haka ba."

Ta saki labulen.

Na juya wajensa. Idanunsa sun yi ja, leɓɓansa sun bushe.

"Malam..."

"Sau uku na kira sunanki."

"Ban ji ba. Ganga ce... Wallahi ban ji ba. Na zaci..."

"Na san abin da kika zata." Bai ɗaga murya ba. "Shi ne ya fi mini ciwo, Ummu, ba ihun yaran nan ba. Matan nan ba ki gan su ba, amma kin yarda suna bayanki. Ni da muke shekara huɗu a ɗaki ɗaya, ni kaɗai kika cire."

"Ni na ce maka kar ka zo..."

"Kin ce. Ni kuma na san matata. Ke ce ba ki san mijinki ba."

Nan abin ya fashe. Kukan ya zo mini da ƙarfi har na kasa numfashi, na dafa ƙasa da hannu biyu.

"Awaisu, ina so ka zo! Wallahi babu abin da nake so kamar ka zo! Tsoro na ji... in na roƙe ka ka ƙi, ban san inda zan sa kaina ba. Ka yafe mini, don girman Allah ka yafe mini!"

Bai ce ya yafe ba. Bai taɓa ni ba. Yana kallon masarar da ke shanye. Muna nan a haka har aka kira la'asar.

Ya miƙe da ƙyar, ƙafarsa ta yi tsami. Ya karkaɗe buhun ya tura mini.

"Zan je masallaci. Ki zauna nan, kar ta leƙo ta ga babu kowa."

Na hau buhun na zauna, hawaye yana zuba ban share ba. Ya sa takalmansa ya bi ta gefen masarar. Da ya kai bakin zaure sai ya tsaya, ya waiwayo ya duba ko ina nan.

Ina nan.