Ranar da Aka Hura wa Abba Usur

Da ƙarar usur suka fara haɗuwa, ko sallama babu.

Auta ta ce wa Abba kanta na ciwo, don kada a tafi da ita yawon ganin tsofaffin gine-gine. Motarsu na tashi ta bar masauki, ta gangara bakin teku, ta tuɓe takalmi ta shiga ruwa har gwiwa. Nas ce, kullum tana tsaye a kan marasa lafiya, ba abin da take nema a hutu sai ƙafafunta su huta. Ba ta ko lura da jar tutar gargaɗi da ke kafe kusa da ita ba.

"Malama! Dawo baya!"

Ta waiwaya a fusace. Wani dogon saurayi ne ya diro daga doguwar kujerar masu ceto, usur rataye a wuyansa.

"Ni ka hura wa usur? Ƙwallo ka ga ina bugawa?"

"Wurin nan da rami, ruwan jan mutum yake yi," in ji shi. Sai ya sassauta murya. "Yi haƙuri. Gara ki ji haushina kina kan yashi."

Yana mata magana idonsa na kan teku. Da ya ɗan saci kallonta, sai ta manta masifar da ta shirya masa. Daga ranar ciwon kan Auta ya ƙi warkewa har hutu ya ƙare.

Bayan sun koma gida, waya ta hana ta sakat.

"Autata, yau teku ya kwanta lumui, ni ne dai na kasa kwanciyar hankali."

"Mai usur ɗina, ka kula da mutanen da ke ruwa. Ni tuni na nutse, ba ka cece ni ba."

Da maganar aure ta kai gaban Abba, sai ya yi kicin-kicin da fuska. Shi mutum ne mai ƙafar yawo. Hutu a wurinsa shi ne a taso iyali da sassafe, a zaga ganuwa da gidajen tarihi, yana gaba yana karanta kowane allo da ƙarfi, su Umma na biye suna haki.

"Mutumin da sana'arsa zama? Ya hau kujera ya zuba wa ruwa ido? Jikokina su tashi ba su san komai ba sai kwanciya a yashi? Ga Jagora nan, yaro mai ilimi."

Jagora shi ne mai zagayawa da su duk shekara, ya san tarihin kowane dutse, kuma ya daɗe yana son Auta. Ita kuwa ko muryarsa ta ji sai hamma ta kama ta.

Da ƙyar Umma ta shawo kan Abba ya yarda Mai usur ya bi su tafiya ta gaba, a ga hankalinsa.

Auta ta tura masa saƙo: "Don Allah ka kalli duk abin da aka nuna maka, ka riƙa cewa ikon Allah. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Ya yi ƙoƙari, bawan Allah. Amma idon da ya saba da gadin mutane ba ya tsayawa a kan bango. Jagora na bayani, shi yana waige: wa ke baya, wa ya matsa gefe. Ya karɓi jakar Umma, ya samo mata wurin zama. Abba na lura, yana ƙwafa.

Sun hau saman wata tsohuwar ganuwa ke nan Abba ya hango rubutu a jikinta ta waje. Ya dafa bakin ginin ya leƙa, har diddigensa ya bar ƙasa.

Firrr!

"Kai! Dawo baya!"

Kowa ya waiwayo. Mai usur ya dubi hannunsa, ya ga usur ɗin da ya rantse zai bari a gida. Baƙi na kallo, Jagora na danne dariya. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ni ne kai?" in ji Abba a hankali. Ya juya ya sauka.

Saƙonni suka yi ta shigowa wayar Auta.

"Wallahi bakina ne ya riga ni. Ban ga Abba ba, mutum na gani zai faɗi."

Ta karanta, ta kife wayar, ta sake ɗauka. Tana jin haushinsa, tana kuma kewarsa, abinci ya ƙi shiga, zama ya gagare ta. Abba ya ce kada a sake ambaton yaron a gidansa.

Umma ce ta ambace shi, tana shafa wa gwiwarta magani.

"Abban yara, tun da muke yawon nan kana gaba muna baya, ka taɓa waiwayowa ka ga ko mun cika? Yaron nan ne ya fara. Je ka gan shi a bakin aikinsa, in ka dawo ka ce a'a, na yi shiru."

Abba ya tafi ne don a rufe maganar. Ya tsaya gindin doguwar kujera ya yi sallama.

Mai usur ya amsa, amma bai juyo ba. "Abba, ku gafarce ni. Ba halin in sauko sai mai canjina ya zo."

Abba ya kai ya kawo a kan yashi, ransa a ɓace. Da ya rasa allon karantawa sai ya bi idon yaron zuwa ruwa. Kawuna birjik. Igiyar ruwa ta rufe wani, gaban Abba ya faɗi, kan ya sake ɓullowa. Kafin ya sauke numfashi wani kan ya ɓace masa ta can gefe. Gumi ya karyo masa. Can ya hangi wani dattijo mai furfura, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, yana tattare wando zai wuce jar tuta.

"Kai! Dawo baya!"

Abba ne ya faɗa, da iya ƙarfinsa. Dattijon ya juyo ya galla masa harara. A saman kujera kuwa kafaɗun Mai usur sai rawa suke don dariya.

Abba ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce, "Ashe ba zama kake yi ba."

"A'a, Abba."

"To, turo magabatanka. Amma usur ɗin nan nawa ne."

Da la'asar saƙo ya shigo wayar Auta: "Amaryata, an ƙwace min usur."

Ta yi dariya har da hawaye, ta rubuta: "Ka huta, angona. Wadda ka hura wa ta riga ta dawo."

Ranar ɗaurin aure Abba ya kama hannun ango ya ce, "Ga Auta nan. Yadda kake tsare 'ya'yan mutane, ka tsare min tawa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin kira."

Aka shafa da amin. Hutun da ya biyo baya an raba shi: safiya ta ganuwa, yamma ta teku. Har yanzu Abba ne a gaba, usur a wuya, sai dai yakan tsaya ya waiwayo, ya jira Umma ta iso.