Ranar da Na Gudu da Hamidou

"FAUZIA! Tsaya nan! Na ce ki tsaya!"

Muryar Mama ce. Ko cikin mutum dubu ba zan kasa gane ta ba, balle a bakin tafki da safiyar Asabar, inda ba a jin komai sai ƙarar takalma da haki.

Na waiga. Ga ta can kan ciyawa, gyale ya zame, jaka a hammata, ƙanenta Alhaji Amin yana biye da ita ya tattare babbar riga.

Saura kilomita ɗaya in gama.

"Wace ce?" in ji Hamidou da ke gudu a gefena.

"Mama!"

Bari in koma baya kaɗan, don ku san yadda aka yi.

Duk Asabar da ƙarfe takwas mutanen gari kan taru a lambun da ke bakin tafkin nan su yi gudun kilomita biyar, kyauta, a rubuta wa kowa lokacinsa. A nan na haɗu da Hamidou shekara biyu da suka wuce. Ɗan Maradi ne, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke Wendover, nan kusa da mu, dogo, baƙi, ga haƙurin da har haushi yake ba ni. Mama kuwa ba ta san da shi ba, ba ta ma san ina gudu a fili ba. A wurinta 'yar zangon Kumasi, ko da a ƙasar waje take zaune kamar mu, ba ta tsere a titi, don haka na ce mata ɗakin motsa jiki na mata nake zuwa.

Sati uku kafin ranar muka yi gudun fanfalaki, kilomita arba'in da biyu. Ina gamawa na zube a ƙasa. A lokacin ne bawan Allahn nan ya ga ya dace ya tsuguna kusa da ni.

"Ma chérie, masoyiyata, ina so in zo gidanku in gaida Mama."

Wallahi ina son Hamidou kamar raina. Amma tsoron Mama ya fi ƙarfina, sai bakina ya riga hankalina.

"Ranar da na yi gudun Asabar ƙasa da minti ashirin da biyar, ka zo."

Na san abin da na yi. Shekara guda ina maƙale a ashirin da biyar da daƙiƙa sha huɗu.

Ya yi murmushi ya ce, "D'accord, na yarda."

Asabar ta farko na yi ashirin da bakwai, ƙafafuna kamar an ɗaura musu turmi. Ta biyu na yi ashirin da shida. A ranar ya raka ni mota, ba dariya a fuskarsa.

"An ba ni canjin aiki zuwa Ohio, can wata jiha mai nisa. Litinin ta sama zan ba su amsa."

"To sai me?"

"Idan ba ki so na, faɗa min kawai, Fauzia. Kada ki ɓuya bayan agogo."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Da mai hankali ce ni, da sai in ce a bar zancen agogo. Amma ni idan na furta magana ba na lashe ta.

"Asabar mai zuwa za ka gani," na ce, na buga ƙofar mota.

Sai ga Salwa. 'Yar ƙawar Mama ce, ta fara zuwa gudun nan wata uku da suka wuce, kullum da jan baki da gashin ido na kanti, kullum igiyar takalminta sai ta kwance a gaban Hamidou. Daga baya na ji cewa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta ja Mama gefe, ta marairaice fuska.

"Mama, ban so in faɗa ba... amma gobe ƙarfe takwas Fauzia za ta gudu da wani Hamidou."

Ku duba makirci! Ko harafi ɗaya ba ta yi ƙarya ba. Mama ta dawo gida ta ga jakar kayan canjina a bakin ƙofa, shi ke nan hujja ta cika. Ba ta ce min uffan ba, ta kira Alhaji Amin.

To ga mu nan a kilomita na huɗu.

"Mu tsaya?" in ji Hamidou.

"Ka haukace? Gudu!"

Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Ko kuma na sani: tun ina 'yar shekara bakwai a unguwarmu ta Aboabo, can Kumasi, idan Mama ta kira sunana da wannan muryar, ƙafafuna ba sa shawara da ni.

"Doucement, a hankali, za ki faɗi!"

"Ka yi min shiru!"

"Ku tare su!" Alhaji Amin yake ihu a baya. "Jama'a, ku tare su!"

Mama ta cire silifa ta riƙe a hannu, ta yanko ta kan ciyawa da gudu. Masu nuna hanya suka ɗauka murna ce, suka hau tafi suna cewa, "Go, Mama, go!"

Na sha kwanar ƙarshe ƙirjina kamar zai tsage. Na tsallake layi, na dafa gwiwa. Prisca, mai riƙe da agogo, ta daka tsalle.

"Twenty-four thirty-eight! Girl, what happened to you?"

Ashirin da huɗu da talatin da takwas! Kafin in yi murna abin da ya same ni ya iso, yana haki, da silifa a hannu.

"Ina motar?" in ji Mama.

"Wace mota?"

"Wadda za ku gudu a ciki!"

"Mama... ai mun gama gudun."

"Kun gama?" Ta dubi tebur, ta dubi ayaba da gorunan ruwa, ta dubi wani tsoho da ya iso da karensa. "Nan ne kuka gudo?"

"Nan muka tashi, nan muka dawo."

Alhaji Amin ne ya fara ganewa. Ya riƙe ciki ya zauna daɓas a kan ciyawa.

"Ei, Yaya! Gudu ne na ƙafa! Tsere suke yi!"

Mama ba ta yi dariya ba. Idonta ya ciko.

"Tun jiya ban sa komai a bakina ba. Na ɗauka kin gwammace ki bar ni da ki zo ki tambaye ni."

Duk murnata ta tsiyaye. Na durƙusa na kama ƙafarta, na faɗa mata komai: shekara biyu na ɓoye-ɓoye, da sharaɗin agogo, da Ohio.

"Ki yafe min, Mama. Tsoronki nake ji."

"Tsorona? Na taɓa cin mutum?"

Hamidou ya cire hula ya durƙusa har ƙasa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Ina kwana, Hajiya. Tun bara nake son in zo in gaishe ki, da na tambaya aka ce min sai agogo ya yarda."

Mama ta ƙare masa kallo, sannan ta juyo ta dungure min kai.

"Ke! Ɗan mutane zai zo ta ƙofa kika sa masa agogo?"

Daidai nan Salwa ta iso tana jan ƙafa, gashin ido ɗaya ya karkace.

"Salwa," in ji Mama cikin sanyin murya, "ke ma kin gudu? Da wa?"

Salwa ba ta ko tsaya karɓar lokacinta ba.

Mama ta saka silifarta, ta gyara gyale, ta dubi Hamidou.

"Gobe bayan Azahar ka zo da manyanka. A mota. Kada in ga kowa da gudu."

Hamidou ya ɗago ya kalle ni, idonsa yana dariya.

"Ohio fa?" na ce a hankali.

"Wace Ohio, ma chérie? An ce sanyi ya yi yawa a can."

Wata huɗu bayan nan aka ɗaura aure. A wurin biki Mama ta riƙa gaya wa ƙawayenta cewa ita ta sa na cika sharaɗin agogo, kuma ba wanda ya isa ya musa mata. Har yau ban sake taka ashirin da huɗu da talatin da takwas ba.

Shi ya sa yanzu duk Asabar, idan kun iso kilomita na huɗu, za ku ga wata Hajiya da rigar masu nuna hanya a kan atamfarta. Kowa ya zo wucewa sai ta tafa masa. Ni kuwa tana hango ni sai ta cire silifa ta ɗaga sama.

"Fauzia! Tsaya nan!"

Sai in ƙara wuta.